Neman shawara: wasan kacici-kacicinmu na kiɗan gargajiyar Turai yana neman mutuwa

Mai tambaya, daga Malali:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina na makarantar sakandare muna da wani wasa da muke yi a WhatsApp duk daren Asabar bayan sallar isha'i. Yawancinmu muna nan Kaduna, amma akwai biyu da ke karatu a Jamus, kuma su ne suka kawo mana shi. Mutum ɗaya ne zai riƙe sunan wani mai tsara kiɗan gargajiyar Turai a ransa, sai ya riƙa jefo kalmomin da ke da alaƙa da shi ɗaya bayan ɗaya, saura kuma su canka. Idan aka ce "kurma", aka ce "Bon", aka ƙara da "tara", to Beethoven ake nufi, domin a birnin Bon aka haife shi a 1770, ya kurumce yana tsaka da aikinsa, kuma simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na tara ne na ƙarshe da ya kammala.

Da farko kowa yana ɗoki, amma yanzu mutanen Jamus ɗin nan ne kaɗai ke cinyewa, sauran sun koma 'yan kallo. Idan wani a cikinmu ya ci sa'a ya canka, sai a fara zargin Google ya leƙa. A makon jiya ma wani ya ce shi bai ga dalilin da zai hana a yi wasan da su Shata ba. Ba na so abin ya watse, domin shi ne ke riƙe mana zumunci. Yaya za mu gyara shi?

Wata malamar makaranta, daga Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam Malam. A ganina abokanka ba jahiltar wannan kiɗa suka yi ba, masu jefo kalmomin ne suke ɗauko su daga littafi maimakon su ɗauko su daga abin da kunnen mutanen Kaduna ya saba ji. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba ya san taken Gasar Zakarun Turai, alhali Tony Britten ya gina shi ne a 1992 a kan wani kiɗa da Handel ya tsara a 1727 domin naɗin sarautar Sarki George na biyu a Ingila. Saboda haka idan aka ce "naɗin sarauta", aka ce "Landan", aka rufe da "Real Madrid", har wanda bai taɓa jin sunan Handel ba zai so ya san amsar, kuma idan ya ji ta ba zai manta ba. Haka ƙarar tsohuwar wayar Nokia da duk muka sani, an ciro ta ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, ɗan ƙasar Sifen, ya tsara a 1902. Ku nemi mutanen Jamus ɗin su fara da irin waɗannan na tsawon wata guda kafin su koma ga masu wuya. Mai ilimin da ba ya iya saukowa inda ɗalibi yake, a aji ma shi kaɗai yake magana.

Wani mai gyaran waya, daga Kawo:

Yallaɓai, maganar Google ba za ta ƙare da rantsuwa ba, sai da ƙa'ida. Ku sa daƙiƙa 20 ga kowace kalma, kuma a ba da amsa da saƙon murya, domin wanda ke magana nan take ba shi da sararin bincike. Kada ku yarda a maye gurbin kalmomi da guntun sauti, saboda manhajar Shazam za ta faɗi sunan kiɗan kafin ku ƙifta ido. Sai dai ku yi adalci ga wanda sabis ya yanke masa, don kun san yadda lamarin yake a wasu unguwanni idan aka ɗauke wuta. Alƙalin wasa ya duba lokacin da aka tura saƙo, ba lokacin da ya iso ba.

Wata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci, daga Sabon Tasha:

Sannunku da ƙoƙari, ɗan'uwa. Mu da muke rera "Halleluya" ta Handel a lokacin Kirsimeti mun daɗe da wannan kiɗa, don haka bari in taɓo abin da nake ganin shi ne yake kashe irin wannan wasa, wato kalmar da ta dace da mutum fiye da ɗaya. Idan aka ce "Biyana", wato babban birnin ƙasar Ostiriya, ba a ce komai ba, domin Haydn da Mozart da Beethoven da Schubert duk a can suka yi aiki, a can kuma suka rasu. Abin ya fi rikitarwa tsakanin Bach da Handel: dukansu Jamusawa ne, a shekara ɗaya aka haife su, wato 1685, dukansu gwanayen ogan ne (babban kayan kiɗan nan na coci), dukansu sun rasa gani a ƙarshen rayuwarsu, har ma likitan ido ɗaya, wani Bature ɗan Ingila mai suna John Taylor, ya yi musu aiki. Wanda ya jefo "1685", "ogan", "makanta", sannan ya ce amsarsa Bach ce kaɗai, ya zalunci wanda ya ce Handel, kuma daga irin wannan ne mutum ke fushi ya daina shiga.

Shawarata ita ce kalma ta farko ta zama mai faɗi, ta biyu ta rage fili, ta uku kuma dole ta yanke gardama. Ga Bach sai a ce "'ya'ya 20" ko "Leipzig", birnin da ya yi aiki, ga Handel a ce "Dublin", birnin da aka fara gabatar da "Messiah", kiɗansa da ke ɗauke da "Halleluya" ɗin nan, a 1742. Bayan an canka, mai jefo kalmomin ya bayyana alaƙar kowace ɗaya a taƙaice, idan kuma jama'a ba su gamsu ba a cire masa maki. Ina roƙon kada ku manta da namu na gida: Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya tsara "African Suite" da salon nan na Turai amma da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma, kuma na tabbata zai ba mutanen Jamus ɗinku wahala.

Wani dattijo, tsohon ma'aikaci, daga Tudun Wada:

Ɗana, abokin naku da ya kawo maganar Shata bai yi laifi ba, ni ma da nake karanta tambayarka abin da ya fara zuwa mini ke nan. Mu da muka tashi da Rediyon Kaduna a kunne muna da manyan makaɗan da suka cancanci a yi musu irin wannan wasa. Ka ce "kalangu", ka ce "Musawa", ka gani ko akwai wanda zai kasa kiran Mamman Shata. Ka ce "kuntigi" da "Jos", Ɗanmaraya ya fito. Ka ce "ƙwarya" da "Funtuwa", ga Barmani Choge. Ka ce "kotso" da "Isa", sai mai sani ya ce Narambaɗa. A nan ne za ka ga waɗanda suka koma 'yan kallo sun farfaɗo, masu cinyewa kuma sun fara sosa ƙeya.

Sannan ku dawo da al'adarmu ta kacici-kacici, inda wanda ya kasa yake ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Duk wanda ya gaza ya ba mai tambaya unguwa ɗaya ta Kaduna, a ƙarshen wata a ƙirga a ga wa ya mallaki Barnawa, wa aka bari da hannu rabbana. Kasawa ma sai ta zama abin dariya, ba abin kunya ba.

Wani ɗalibin jami'a, daga Kabala:

Baba, ina neman afuwa, na yarda da ba da gari amma ina da ja kan cakuɗa su a zagaye ɗaya. Idan aka haɗa, kowa zai jira ɓangaren da ya iya ne kawai, wanda bai san Vivaldi ba zai shekara bai san shi ba. Gara a raba, mako ɗaya na Turai, mako ɗaya na gida. Kuma tun ranar Laraba a sanar da sunaye uku da za a zaɓa daga cikinsu, kowa ya samu kwana uku ya saurara ya karanta, ta yadda binciken da ake zargin juna da shi zai zama halas kafin wasa, haram a lokacinsa. Wanda ya karanta cewa Vivaldi limamin coci ne mai jan gashi a birnin Venis, ko cewa Tchaikovsky ya sa harbin igwa a kiɗansa na tunawa da yaƙin 1812, shi da kansa zai ƙagu Asabar ta zo. Mutanen Jamus ɗin kuma a raba su, kowanne ya jagoranci rukuni ɗaya, kuma kada a ba shi damar amsawa sai 'yan rukuninsa sun gwada sun kasa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura musu shawarwarin, kuma mun tsaya a kan raba makonni, da sanarwar Laraba, da ba da gari, sai dai sun ce daƙiƙa 20 ta yi kaɗan ga saƙon murya, don haka mun mayar da ita 30. Wannan Asabar ɗin ta Turai ce, sunayen da aka fitar su ne Handel da Vivaldi da Sowande. Baba na Tudun Wada, mako mai zuwa na gida ne kuma ni aka ɗora wa tambaya, ina roƙon a taimaka mini da kalma ta uku da za ta raba Ɗanƙwairo da Narambaɗa, tunda dukansu makaɗan fada ne kuma dukansu da kotso aka san su.