Tsohuwar kwandalar Girkawa na fitar da koren gari, in goge ta?

Baƙon Napoli: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi wata 'yar kwandalar tagulla a shagon masu tsofaffin kuɗi a nan Napoli. Gefe ɗaya kan mace ne, ɗaya gefen zangarniya da haruffa META. Mai shagon ya ce ta Girkawan dā ce. To ga wani koren gari ya fara fitowa a bakinta, in na share sai ya dawo. In sa mata lemun tsami da toka? Kuma zan iya tahowa da ita gida?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. In dai ta gaske ce, ta Metaponto ce, garin da Girkawa suka kafa a bakin tekun Taranto, a kudancin Italiya. Da noman sha'ir suka yi arziki, shi ya sa zangarniyarsa ta zama tambarinsu. Macen kuwa mai yiwuwa Demeter ce, wadda suka ɗauka allahiyar amfanin gona. Da azurfa garuruwan Girkawa na yankin suka fara buga kuɗi, sai wajen ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tagulla ta shigo don ƙananan cefane. Canjin kasuwa ke nan a hannunka, shi ya sa yawancinsu duk sun side.

Maƙerin Tagulla: Ɗan'uwa, don Allah kada ka kusanta ta da lemun tsami, ai ba tasar amarya ba ce. Duhun nan mai santsi da ya lulluɓe ta shi ne darajarta, ranar da ta yi ƙyalli ranar kuɗinka ya tafi. Garin da kake gani kuwa ciwo ne. Gishirin ƙasa ne ya shige cikin ƙarfen, da ya ji laima sai ya tashi yana cin ta har ya yi rami. Ware ta daga sauran kwandaloli. Ka kankare garin a hankali da tsinken sakace, ka jiƙa ta a tataccen ruwan da ake saya a kemis, kana canzawa har makonni. Ban da ruwan famfo. Ta bushe sarai, sannan ka rufe ta da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Hajiyar Torino: Ƙanena, nawa ka biya? Duba bakinta. In ka ga layin haɗi ya zagaye ta, ko ƙananan ramuka irin na kumfa, zubi ce ta jabu. Na asali da guduma aka buga su. Batun tafiya kuma, tun 1909 dokar Italiya ta ce kayan tarihin da aka tono na gwamnati ne, fitar da su sai da izini. Mai shagon ya ba ka takardar da ke nuna inda ta fito?

Baƙon Napoli: Rasit kawai, Hajiya. Amma babu layin.

Hajiyar Torino: To koma gobe da rasit ɗin ka nemi takardar. In ya fara kame-kame, ajiye masa abarsa ka karɓi kuɗinka.