Ƙasa ta rufta a gonarmu ta gado, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Muna da gonar gado a wajen Bukuru, jihar Filato. Bayan ruwan Agusta ƙasa ta rufta ta gefen gabas, rami ya buɗe wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum, ya haɗiye kunyoyin masara. Dattawa sun ce zamanin haƙar kuza an yi loto a wurin, wato haƙar rami a bi kuza ta ƙarƙashin ƙasa. Yayanmu yana so a cike shi da shara a sayar da gonar tun labari bai bazu ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Irin wannan ƙasar tana sake moruwa kuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin komai ku kewaye wurin da ƙaya ko waya saboda yara da shanu. Masu loto rijiya suke haƙawa, in sun tarar da kuza sai su bi ta gefe-gefe a ƙarƙashi, don haka kogon zai iya wuce bakin da kuke gani nesa. Shara kuwa kada ku soma. Ruɓewa take yi ta lotsa, ruwanta kuma ya bi ramin ya shiga rijiyoyin maƙwabta. In za a cike, manyan duwatsu ake fara zubawa, sai tsakuwa, sai yashi, a rufe da jar ƙasa a daɓe, a yi masa ɗan tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba. Sannan a bar damina guda ta wuce a kai. Noma zai yiwu, gini kam sai an auna ƙasar.

Baba na Barikin Ladi: Ɗana, ba kowane rami ne asara ba. Tafkunan da kamfanonin kuza suka bari, da su muke noman rani, dankalin Turawa da kabeji da tumatir. Amma sun ci yara da yawa, wannan ma gaskiya ne.

Ɗalibi: Haka abin yake a waje. A 1981 ƙasa ta rufta a Winter Park, jihar Florida ta Amurka, ta haɗiye gida da motoci, yau tafki ne a wurin. Na Fukuoka a Japan a 2016 kuwa cikin mako guda aka cike aka buɗe titi, don sun san musabbabinsa, aikin hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne.

Malama: Ka gaya wa yayanku ya ji tsoron Allah. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. In mai saye ya yi gini ya rufta da iyalinsa fa? Ku sanar da mai unguwa, in za ku sayar ku nuna ramin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Injiniya, akwai tsagewa da ta taso daga bakin ramin ta nufi tsakiyar gona.

Injiniya: To bai gama ba ke nan. Ka kafa turaku biyu, ɗaya kowane gefen tsagewar, ka riƙa auna tsakaninsu bayan kowane ruwa. Muddin tana buɗewa, kada tarakta ta shiga, ku ma ku bar masarar da ke wajen.