Ƙanena zai tafi aikin su (kamun kifi) a Jidda, me kuka sani kan kifin dutse?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum. Ƙanena ya samu aikin su a Bahar Maliya. Tun yana yaro yake jefa birgi a kogin Logon, amma bai taɓa ganin teku ba. An ce akwai kifin dutse, yana kwanciya a ruwa mara zurfi, sai ka taka shi kake sani. Inna ta ce ba inda za shi, ga shi jibi za mu biya kuɗin biza. In bar shi ko in hana?

Baba Mai Taru: Ɗana, hana shi. A nan Garwa kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi, ta soki wana a kogin Binuwai. Cikin yashi ta binne kanta, ya taka, ta ɗago wutsiya ta caka masa a idon sawu. Babban mutum yana kuka kamar yaro. Muka kai shi wajen mai magani, ya tsaga wurin da aska ya cusa gari. Ƙafa ta ruɓe, wata huɗu yana kwance, muka sayar da kwalekwalenmu. Har ya rasu yana ɗingishi.

Malamin Marwa: Allah ya jiƙansa, Baba, amma kifin ba ɗaya ba ne. Kunamar ruwa a wutsiya makaminta yake. Kifin dutse ƙayoyi 13 gare shi a gadon baya, kowace da jakar dafi, nauyin ƙafarka ne ke matso dafin. Tsawonsa santimita 30 zuwa 40, fatarsa kirci-kirci kamar dutse mai gansakuka. Yana lafewa cikin duwatsun murjani, ƙaramin kifi ko jatan lande ya gifta ya zuƙe shi. Ko a tudu yakan yi awa 24 bai mutu ba.

Baba Mai Taru: Malam, ka taɓa shiga ruwa ya kai maka ƙugu?

Tsohon Ɗan Jizan: Baba, a yi haƙuri, gaskiyar Malam ce. Shekara uku na yi a Jizan, bakin Bahar Maliya a Saudiyya. A gabana kifin dutse ya soki wani ɗan Yaman ta cikin silifas. Ba a tsaga, ba a ɗaure. Ƙafar aka tsoma a ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, kamar digiri 45, har muka isa asibiti. Allurar kashe dafin a Ostireliya ake yin ta. Ɗan Kusiri, ka saya wa ƙanenka takalmi mai kaurin ƙasa, jaka 8 na sayi nawa a Injamena.

Hajiya Mai Banda: Jaka 8? Jaka 20 aka ce mini a Kusiri makon jiya.

Tsohon Ɗan Jizan: Hajiya, na kamfani aka nuna miki.

Autan Logon: Wanda minjirya ta girgiza sau uku bai tuba ba, dutse ne zai kore shi? Hhhh

Ɗan Kusiri: Auta, Inna kuka take, ba wasa ba.

Hajiya Mai Banda: Ni ba kifin nake jiye masa ba. Wa ya yi masa hanyar? Ɗan yayata aikin shago aka yi masa alkawari, ya tsinci kansa yana kiwon raƙuma, fasfo a hannun kafili, wato ubangidansa na can, wata bakwai ba albashi. Dillalin ya kashe waya.

Tsohon Ɗan Jizan: Ni ma albashin wata biyar na baro can. Kun ga takardar kwangilar da idonku?

Ɗan Kusiri: Hotonta aka turo ta WhatsApp, da Larabci.

Baba Mai Taru: Nawa dillalin ya ce ku ba shi?