A ina kuke kallon gasar Wijk aan Zee?

Auwalu: Salamu alaikum 'yan uwa. Janairu ta matso, gasar ces (chess) ta Tata Steel da ake yi a garin Wijk aan Zee na ƙasar Holan na tafe. Wannan karon so nake in bi ta da idona tun daga zagayen farko har na 13. A ina kuke kallo, kuma wa ya kamata a zuba wa ido?

Binta: Wa alaikumus salam. Lichess. Kyauta ne, ba talla, ga alluna bakwai ɗin duka a gabanka.

Nura: Ni Chess.com nake bi saboda masu sharhi. Da dare kuma in leƙa YouTube, idan Nakamura na cikin gasa yakan warware wasansa da kansa.

Malam Isiyaku: Auwalu, ko ina ka zaɓa, abu ɗaya nake roƙonka: ka kashe sandar nan ta injin kwamfuta da ke hawa da sauka a gefen allo don nuna wanda ke kan gaba. Zan gaya maka dalili. A Disamban 2024, wasa na 14 na karawar kambun duniya tsakanin Ding Liren da Gukesh a Singafo, na bi shi ne a wata tasha da wani yaro ke sharhi. Sandar ta tsaya a tsakiya, shi ke nan ya yanke hukunci cewa kunnen doki ne, ya ƙanƙance allon ya koma karanta saƙonnin masu kallo. Alhali kuwa Gukesh ya fi da soja ɗaya, yana ta matsa wa Ding lamba, lokacin Ding yana zurarewa. Ba wanda ya nuna mana wannan. Da Ding ya sauko da ruk ɗinsa f2 a taku na 55, sandar ta rikito, yaron ya dafe kai yana ihu yana zagin mutumin da ke riƙe da kambun duniya. Aka tambaye shi me ya faru, ya kasa bayani. Sai da na ɗauko allona na jera da hannu sannan na gani: bishof ɗin Ding na maƙale a kusurwa, a8. Ana musayar ruk, dole a yi musayar bishof, abin da ya rage sarki da soja ɗaya gaban sarki da sojoji biyu, kuma babu mafita. Abin ya ƙona min rai ƙwarai, domin wasan da ya ba yaro ɗan shekara 18 kambun duniya ne, aka mayar mana da shi kallon sanda. Ka nemi inda gwanaye ke sharhi da kansu, suna gwada taku suna kuskurewa suna gyarawa. A nan ake ƙaruwa.

Binta: Gaskiya ne Malam. A Lichess ma ana iya kashe ta.

Sadiq: To amma mu faɗi gaskiya, kambun nan kyauta aka ba Gukesh. Carlsen ne ya ajiye shi don kansa. Mutumin da ke na ɗaya tun 2011, makinsa na ƙarfin wasa ya taɓa 2882 a 2014, ko Kasparov a 2851 ya tsaya.

Nura: Kyauta? Wa ya ci masa gasar Toronto ta fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya gaban Nakamura da Caruana da Nepomniachtchi yana ɗan shekara 17?

Sadiq: Yaya Nura, ka duba makinsa dai. Zakaran duniya amma ba shi ne na ɗaya ba.

Nura: Ka tambayi teburin Stavanger, garin gasar Norway Chess, shi ya sha naushin Carlsen ranar da Gukesh ya doke shi.

Sadiq: Wasan da Carlsen ya riƙe a hannu har lokaci ya ƙure masa? Ka manta shi ya doke Gukesh a zagayen farko, kuma shi ya ɗauki kofin Norway Chess ɗin na 2025.

Hajiya Rabi: Ku yara kullum Carlsen da Gukesh. Praggnanandhaa fa? Shi ya ci Wijk aan Zee ta 2025, ya doke Gukesh a wasan raba gardama bayan dukansu biyu sun faɗi a zagayen ƙarshe. Wanda ya kayar da Gukesh ranar kuwa Arjun Erigaisi ne, wanda gasar ba ta yi masa daɗi ba sam, ga shi bai daɗe da haura 2800 ba.

Malam Isiyaku: Hajiya ta taɓo inda nake so. Maki labarin baya yake bayarwa. A matakinsu, idan ka doke tsaranka maki 5 kacal za ka samu, don haka wanda ya tara da yawa yana iya yin wata da watanni ba ya kan ganiyarsa amma lambarsa tana nan sama. Tazarar maki 50 ma ba ta wuce a ce ana sa ran ka kwashi kusan kashi 57 cikin 100 na sakamakon wasanninku ba. Ni wasanni goman ƙarshe na mutum nake dubawa, da yadda yake tafiyar da agogonsa.

Sadiq: Ranka ya daɗe, in haka ne a soke jerin makin hukumar ces ta duniya, FIDE, na wata-wata mana.

Binta: Caruana ne dai ba ku ambata da kyau ba. Wasa bakwai a jere ya ci a St. Louis a 2014, har da Carlsen a ciki.

Sadiq: Anti Binta, shekara nawa ke nan yanzu?

Nura: Kai da ka kawo mana 2882, wace shekara ce ita?