Masu aikin walwala da manya a Jos, yaya kuka fara?

'Yar Rikkos:
Assalamu alaikum yayyena. Bana na gama bautar ƙasa, karatuna kuma na walwalar jama'a ne. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in nemi gidan marayu. Ni kuwa hankalina yana kan manya: tsofaffi, masu buƙata ta musamman, masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ku da kuka riga mu shiga, me kuka tarar?

Maman 'Yan Biyu, Bukuru:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Shekarata 11 a sashen walwala na wani asibiti, da aikin sa kai na fara, wata 8 ba ko sisi. Abin da aikin ya fara koya mini shi ne babba ba yaro ba ne.

An taɓa kawo mana wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye. Da likita ya sallame shi, 'ya'yansa suka yanke a kai shi gidan babban ɗansa a Abuja, ni ma na rubuta haka a fayil. Ba wanda ya tambaye shi. Da na koma cike takarda sai na tarar ya juya fuska bango, kununsa a kofi ya huce bai taɓa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, kai ina kake so a kai ka?" Ya daɗe bai tanka ba, harshen ya yi nauyi. Can ya ce ɗakinsa na Gangare, inda yake jin kiran sallah daga masallacin da ya tsufa a sahunsa na farko.

Kwana uku muna zama da 'ya'yan. Ba mugunta suka nufa ba, tsoro suke ya faɗi ba kowa kusa. Daga ƙarshe aka samu jikan da zai riƙa kwana da shi, aka kwantar da dokin ƙofa da siminti don keke ya wuce, aka toshe taga saboda sanyin hunturun garin nan. Har yau ina jin kunyar layin da na fara rubutawa.

Malam na Anguwar Rogo:
Haka yake, Hajiya. Ni da masu keken guragu da makafi nake aiki. 'Yata, ki san doka, da ita za ki buga ƙofa. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati da na jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, amma bara mu huɗu muka ɗaga wata baiwar Allah da kekenta zuwa bene na biyu a wani ofis, tana ta ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifi. Tun daga ranar nan nake yawo da kwafin dokar a jaka. Ki kuma nemi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Anti daga Farin Gada:
Albashin ba yawa, gara ki sani tun yanzu. Shekarata ta farko da kuɗin motata nake saya wa mutane magani, har nake takawa gida da ƙafa, kuma ban ishi kowa ba. Daga baya na haɗa littafin lambobin limamai, fastoci, masu unguwa da ƙungiyoyin mata, shi ya fi aljihuna amfani. Sai riƙon sirri: Jos kowa ya san kowa, a gidan biki za a ja ki gefe a ce, "Wai me ke damun wance?" Ki ce Allah ya ba ta lafiya, ki wuce.

'Yar Rikkos:
Allah ya saka muku da alheri. Yaya, aikin sa kan ta ina ake farawa?

Maman 'Yan Biyu, Bukuru:
Ki rubuta wa shugaban sashen walwala na asibitin da ya fi kusa da ke, ki haɗa da kwafin shaidar karatunki da ta bautar ƙasa, ki kai da hannunki. Ki tanadi ƙaramin littafin rubutu da takalmi marar tsini, yini ake yi ana zagaya ɗakunan majinyata.