Dattijo mai rikicewar bugun zuciya: apixaban ko toshe aljihun zuciya?

Assalamu alaikum likitoci, ina neman shawara. Dattijo ne a Daura, shekara 72, bugun zuciyarsa ba tsari, ga hawan jini da suga. Yana shan warfarin, maganin tsinka jini, don kare shanyewar ɓarin jiki, amma INR, wato awon tsinkewar jininsa, ya ƙi zama tsakanin 2 da 3, har ya zubar da jini ta gyambon ciki. Hoton zuciya bai nuna tsukewar ƙofar mitral (ƙofar da ke ɓangaren hagu na zuciya) ba, ƙodarsa lafiya.

A mayar da shi kan wani maganin tsinka jinin, apixaban 5mg safe da yamma, in gyambon ya warke? Ko a tura shi a toshe ɗan aljihun hagu na zuciya, inda gudan jini ya fi taruwa, da 'yar na'urar da ake kira Watchman? Abin da ya ɗaure min kai: bayan aikin ma sai ya sha maganin tsinka jini na makonni, ga tsada.