Noland ya faɗi, amma halak ne?

Lawali Tawa: Salamu alaikum ƴan fada. Ku dubi hoton ga da kyau, alamar zinariya ce ta Battle Factory, ɗaya daga gidajen faɗa bakwai na Battle Frontier a wasan Pokémon Emerald, jiya da dare na kada shugabanta Noland a karo na 42, halak malak. Amma ba murna ta kawo ni ba. Ni dai na ce wasan ga cuta yake yi, kuma duk wanda ya buga Battle Frontier ta Emerald da gaske ya san haka. Ana jera maka dodanni shida na haya ka ɗauki ukku, ba kai ka raine su ba, ka yi ta faɗa bakwai bakwai, in ka ci ka musanya guda da na wanda ka kada, in ka faɗi sau ɗaya komi ya koma sifiri. Wancan satin ina dab da Noland wani dodo Rhydon mai Quick Claw, abin da kan sa dodo ya fara duka, ya riga ni da dukan nan mai kashewa take, Horn Drill, Horn Drill, Horn Drill, ukkuna duka sunka kwanta ko taɓa shi ban yi ba. An ce 30 cikin ɗari take kamawa, ni kuwa in na samu mai ita sai in yi ta harbin iska. In wannan ba cuta ba ce to mine ne?

Sani Ƙwanni: Kai jama'a! Barka ɗan uwa, Adar ta gode.

Mutari Yantala: Barka ƙanena. Amma halak ɗin nan da ka ce, tsaya tukuna. A kan mi ka buga?

Lawali Tawa: A salula, da My Boy, manhajar da ke buga wasannin Game Boy, kamar kowa.

Mutari Yantala: Ba kamar kowa ba. Ni Game Boy Advance gare ni da kaset, kore mai nuna cikinsa, kawuna ya kawo mini daga Faransa. A kaset in an kashe ka an kashe ka, in ma ka kashe na'urar tsakiyar faɗa don ka gudu wasan yana lissafa maka faɗuwa ce. Ku kuwa kuna da maɓallin nan da ke daskarar da wasa inda kake, in abu ya ɓaci ka komo baya ka sake. Ka ce ka ci, ba mu ƙi ba, amma ka cire halak.

Lawali Tawa: Yaya Mutari ni maganar cutar kwamfuta na kawo, ba maganar na'ura ba.

Ali: Gaskiya dai ina wurin, ni ke dafa shayi, a zuba na biyu na ga ya buɗe wancan shafin mai akwatuna ya danna. Ban ce ya yi wani abu ba, na ce na gani.

Lawali Tawa: Ali ka ji tsoron Allah, ka faɗi sauran mana. Kuran ya ɗauke tun la'asar, salula ta nuna ja, ina tsakiyar faɗa, sarjar banki tana hannun wa in ba kai ba? Na daskarar da shi ne don kada ta mutu da ni, da anka jona na ci gaba daga nan daidai, ban koma baya ko taku ɗaya ba.

Mutari Yantala: Wasan da kansa yana da hutu. Bayan kowane faɗa mutumin nan yana tambayarka ka ci gaba ko ka huta, in ka zaɓi hutu ya adana maka. Wannan ita ce hanyar da Game Freak, masu ƙirƙirar wasan, suka bari.

Lawali Tawa: Tsakiyar faɗa na ce, tsakiya! Hutun sai an gama.

Hadiza: Ku bari in taɓa abin da ya tambaya. In kowace Horn Drill 30 cikin ɗari ce, uku a jere 27 cikin dubu ke nan, ba abin da ba ya faruwa ba ne. Kafin ka kai 42 sai ka yi faɗa nawa da dodanni nawa masu irin wannan, ga masu Fissure ga masu Sheer Cold, ga Focus Band da ke hana mutuwa sau ɗaya cikin goma, ga BrightPowder da ke sa dukanka ya kuskure. Kwamfuta ba ta da abin da za ta rasa, kai ne kake buƙatar sa'a sau 42 a jere, ita sau ɗaya ya ishe ta. Kuma ranar da tata ta kuskure ba ka riƙe a rai.

Malam Isuhu: Ni ba ruwana da dodanninku, amma halak da haram ba kalmomin wasa ba ne. A nemi wata kalma.

Sani Ƙwanni: Malam halak malak ai magana ce ta yau da kullum, ko akuya mutum ya saya haka yake cewa, ba fatawa ya bayar ba.

Malam Isuhu: Akuya da kuɗinsa ya saya. Shi wasan nan nawa ya biya? Ba a intanet ya kwaso shi ba?

Mutari Yantala: Allah ya saka Malam, ka faɗi abin da nake jin nauyin faɗa.

Sani Ƙwanni: To a gaya muna kantin da ke saida Emerald sabo a Yamai mu tahi mu saya. Wasan 2004 ne a Japan, sauran duniya 2005, Nintendo ta daɗe da barin buga kaset ɗin. Mu da ba mu da kawu a Faransa sai mu zauna mu naɗe hannu? Kuma naka ɗin ma wa ya tabbatar, rabin waɗanda ke yawo a kasuwa jabu ne.

Mutari Yantala: Nawa in ka kunna shi rubutu ke fitowa cewa batirin ciki ya ƙare, agogon wasan ya tsaya, shukata ba ta girma, amma ajiyata na nan ba ta goge ba don ba a kan batiri take ba. Haka na asali ke yi. Ka zo Yantala ka gani da idonka.

Ɗan Auta: Yaya Lawali mi ya hana ka sa babban dodon nan Rayquaza kawai?

Ali: Auta a Factory ba ka shiga da naka, kuma ko a sauran gidajen shida an hana Rayquaza da Groudon da Kyogre. Je ka gama Elite Four tukuna.

Lawali Tawa: Tunda anka kai nan bari in yi magana. Yaya Mutari zinariyarka ta Battle Tower da kake ta nuna muna, karo na 70 wurin shugabarta Anabel, ka shiga da Latios da Metagross da Swampert. Wa ya zauna gabanmu yana ninka Rare Candy, alewar ƙara wa dodo mataki, da kwamfutar cikin Tower da matar nan ta layin ƙarshe? Har Metagross ɗin kanshi ka ninka ka ba Nasiru guda. Wannan halak ne?

Mutari Yantala: Wannan ƙofa ce da ke cikin kaset ɗin kansa, ban kawo komi daga waje ba. Kuma Rare Candy ba ta yin faɗa. Beldum ɗin da ya zama Metagross daga gidan Steven na ɗauko a Mossdeep, da hannuna na cika masa makin horo 510 ɗin nan, 252 a duka 252 a gudu, dodo ɗaya ɗaya nake kashewa ina rubutawa a kayye. Raikou da Latios da Ronflex na Anabel ba su san Rare Candy ba, da na faɗi da na koma ɗaya. A filin kokowa wanda ya sha ƙasa ba ya tashi ya ce wa alƙali a sake.

Sani Ƙwanni: Yau ɗan Yantala ne ke koya ma Adarawa kokowa? Ikon Allah.

Ali: Sani kada ka jawo gari cikin wannan.

Sani Ƙwanni: Ni na jawo? Duk sadda ɗan Tawa ya kawo abu cikin gurup ɗin ga sai an biɗo mishi aibi. Da Nasiru ya nuna hoton kada Red a wasan Pokémon HeartGold wa ya tambaye shi na'ura? Tafi anka yi ta yi.

Nasiru: Ni ku bar ni. Red ai ana shiga masa da magani cike da jaka, Pikachu ɗinsa mataki 88 ne amma in ka faɗi ka sake hawa dutsen kawai. Ba ɗaya ba ne. Kuma in gaskiya ake so Frontier ta Pokémon Platinum ta fi taku tsari, gida biyar, Palmer shugaban Tower a karo na 21 da na 49, ba wannan Palace ɗin da dodonka ke zaɓar abin da ya ga dama kana kallo ba.

Lawali Tawa: Biyar ta fi bakwai? Pyramid kaɗai, duhu, ba ka shiga da kayanka, Brandon na jira da Regirock da Regice da Registeel, ta fi Platinum ɗinka duka.

Nasiru: In tana da kyau haka mi ya sa da aka sabunta Hoenn, yankin da Emerald ke gudana, a 2014 ba a maido ta ba, sai Battle Maison?

Mutari Yantala: Nan kam ina bayan Lawali, wannan cin amana ne aka yi mana. Amma halak dai a cire.

Hadiza: Har yanzu ba wanda ya ce komi kan lissafin da na kawo. Lawali ka yarda ko ba ka yarda ba?

Lawali Tawa: Anti ba kya wurin da Rhydon ɗin nan ya yi mini abin da ya yi.

Abdu, mai gurup: To ya isa haka, sha biyu ta wuce. Ga abin da na fahimta. Lawali ya yi ƙoƙari, ba mai musu, amma shi da bakinsa ya ce ya danna, kuma abin da aka danna sau ɗaya ba mu da hanyar sanin ba a danna sau goma ba. Maganar ninkin yaya Mutari daban ce, ni ma kaset ɗinsa na ara na koyi wasan, na san irin wahalar da ya sha. Malam ya yi nasiha an ji. Sani ka bar kawo gari. Saboda haka a jerin gurup zinariyar Tower tana nan da sunan yaya Mutari, ta Factory kuma babu mai ita tukuna. Lawali in kana so ka zo Yantala ran Asabar, za a ba ka Game Boy ka fara daga ɗaya a gabanmu.

Lawali Tawa: Kai da ke cin tuwon gidansu dama mi za ka ce. Zan zo, amma Ali ba ya riƙe sarja, kuma yaya Mutari ya sake Tower da dodannin da bai ninka ba.